Kafin ka sayi fom: yadda za ka koma harkar lambu daga aikin ofis

Shekara tara ina aikin lissafi a wani kamfani a Bompai cikin Kano kafin na koma lambu, kuma tun daga lokacin kusan duk wanda ya tare ni a masallaci ko wajen ɗaurin aure tambayarsa ɗaya ce, Malam wane kwas zan yi? Ni kuma kullum amsata ita ce ɗan'uwa kar ka sayi fom tukuna, kuma kar ka ajiye aikinka. Ka fara samun rani ɗaya cur hannunka na cikin ƙasa, sannan ka san irin takardar da kake buƙata, in ma kana buƙatarta.

Dalili kuwa, lambu ba abu ɗaya ba ne. Akwai noman kayan miya irin na Kadawa da Kura da Garun Malam inda ruwan dam ɗin Tiga ke bi, tumatir da albasa da tattasai. Akwai renon iri da auren bishiya, mangwaro da lemo da gwaiba. Akwai 'yan fulawa da kake gani a gefen titunan Nasarawa, masu shirya harabar gidaje da otal da makarantu. Kowanne ilminsa daban, jarinsa daban, kwastomansa daban, to ta yaya za ka zaɓi makaranta ba ka san wanne zuciyarka ta kwanta da shi ba?

Abin da na yi shi ne, Asabar da Lahadi na riƙa zuwa wajen wani dattijo mai renon iri, ba ya biya na, ni ma ba na biyansa, nakan dai riƙo goro. Wata na farko ban yi komai ba sai cika leda da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Ranar da ya koya min auren bishiya har yau tana idona. Ya ɗauko dashen mangwaro da kaurinsa ya kai fensir, ya datse kansa ya tsaga tsakiya, ya fere ɗan reshen da ya yanko daga uwa mai kyau ta gefe biyu, ya zura, ya naɗe da leda tamau, ya ce min "Yaro, in ɓawo bai haɗu da ɓawo ba to ka ɓata wuƙarka ne kawai." Na yi ashirin, shida ne suka yi toho bayan sati uku, kuma wallahi waɗannan shidan ne suka tabbatar min nan ne wajena.

To yanzu maganar takarda. In burinka aikin gwamnati ne ko malamin gona ko aiki da ƙungiyoyin tallafi, ba makawa sai satifiket. Hanya mafi kusa ita ce difloma, ND shekara 2, ka yi shekara 1 ta sanin makamar aiki, sannan HND shekara 2. Muna da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, in kuma zallar lambu kake so to Kwalejin Lambu ta Tarayya tana Dadin Kowa a jihar Gombe. Digirin aikin gona a Jami'ar Bayero shekara 5 ne, ga mai iyali da haya a wuya wannan ba ƙaramin lissafi ba ne, ka zauna da uwargida ku yi shi tare. Ka kuma zaro sakamakonka na sakandare ka duba, ana neman kiredit 5 har da Turanci da lissafi da darussan kimiyya, da yawanmu da muka yi ɓangaren kasuwanci a nan muke maƙalewa sai an sake zama jarrabawa.

In kuma kanka za ka yi wa aiki, gaskiya ban ga dalilin shekara biyar a aji ba. Gajeren horo mai firaktikal ya fi maka. Makarantar Leventis da ke Panda tana horo na shekara ɗaya, cibiyar binciken lambu ta ƙasa NIHORT tana da reshe a Bagauda, ga kuma malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kano. Ka taka da ƙafarka ka tambaya, kar ka tsaya kan abin da aka turo a WhatsApp.

Ni an taɓa cin kuɗina a wani horo na sati biyu, muna zaune a ɗaki mai sanyi ana haska mana hotunan gonakin Holan, ko ƙwayar iri ɗaya ba mu taɓa ba, aka ba mu takarda mai ado da babu inda ake karɓarta. Saboda haka duk inda za ka kai kuɗinka ka ce a nuna maka gonar gwajinsu, ka ga ko akwai ruwa, ka ga ɗalibai da taɓo a ƙafa. In difloma ce ka tabbatar hukumar NBTE mai kula da ilmin fasaha ta amince da wannan kwas ɗin kansa, ba makarantar kawai ba. Ka kuma tambaya ko suna koyar da ƙwari da feshi sosai, don wanda ya ga yadda tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye tumatir a 2016 ya san wannan darasin shi ne rufin asiri.

Sannan kar ka raina abin da ka zo da shi daga tsohon aikinka. Ni lissafi ne ya cece ni, don na san nawa kowace leda ta ci kafin in sa mata kuɗi. Ka je kasuwar 'Yan Kaba da asuba ka tsaya kusa da dillalai ka ji yadda kuɗin kwando ke faɗuwa in kaya sun yi yawa, ka leƙa 'Yan Lemo a Na'ibawa. In damina ta ɗauke wajen watan Oktoba masu lambu ke zuba iri, to kafin nan ka samu wanda zai yarda ka riƙa zuwa, ka tanadi leda 200 da buhun taki a bayan gida.