Kurakuran da aka fi yi wajen keɓe wa ɗalibai karatun kwas a laburaren jami'a

Da zarar an buɗe sabon zangon karatu, malamai kan kawo wa laburare jerin abin da suke so ɗalibansu su karanta: littafi guda, babi biyu daga wani, maƙala daga mujalla. Sai laburare ya keɓe su a wani sashe na musamman inda aro ba ya wuce awa biyu ko kwana ɗaya, don kowa a ajin ya samu rabonsa. Yanzu kuma ana yin sikanin, a ɗora a shafin kwas ta intanet. A nan ne maganar haƙƙin mallaka ke shigowa. Ƙasar da aka fi gwabza shari'a kan wannan batu ita ce Amurka, don haka daga can yawancin misalan za su fito.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗauka cewa tunda don karatu ne, komai ya halatta. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976, a sashe na 107, ta yarda a yi amfani da aikin wani ba tare da izininsa ba idan amfanin na adalci ne, har ta ambaci koyarwa da yin kwafi da yawa don aji. Amma ba ta tsaya nan ba. Ta ce a auna abubuwa huɗu: me ake nufi da amfanin, wane irin aiki ne aka ɗiba, nawa aka ɗiba, sannan wace illa ɗibar za ta yi wa kasuwar littafin. Koyarwa a jami'ar da ba riba take nema ba tana taimakawa a na farko ne kawai. Sauran ukun suna nan suna jira. Gyaran shi ne a bi kowane babi da kowace maƙala da waɗannan tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kada a yanke wa jerin duka hukunci guda.

Sai kuma dokar kashi 10 cikin 100, wadda mutane da yawa suka haddace kamar a cikin doka take. Babu ita a sashe na 107. Asalinta wasu ƙa'idoji ne da wakilan mawallafa da na marubuta da na makarantu suka amince da su a 1976, inda aka ce daga rubutun zube a ɗebi kalmomi 1,000 ko kashi 10, wanda ya fi ƙanƙanta. An rubuta su ne a matsayin mafi ƙarancin abin da ba za a yi jayayya a kai ba, amma sai laburare da yawa suka mayar da su iyakar da ba a ƙetarewa.

Shari'ar Jami'ar Jihar Jojiya ta nuna inda wannan lissafin ke gazawa. A 2008 kamfanonin Cambridge University Press da Oxford University Press da Sage suka kai jami'ar ƙara a Atlanta, kan babi-babin littattafai da ake ɗora wa ɗalibai ta intanet. A 2012 alƙaliya Orinda Evans ta yanke cewa cikin ɗiba 99 da aka fara kawo ƙara a kai, 5 ne kawai suka saɓa doka. A hukuncin nata ta kafa ma'auni: littafin da bai kai babi 10 ba a ɗebi kashi 10, wanda ya kai ko ya wuce a ɗebi babi ɗaya. Laburare suka yi murna don sun samu lamba. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan ma'aunin, ta ce ba a auna adalci da lamba ɗaya, dole a duba kowace ɗiba da yanayinta. Shari'ar ta sake hawa da sauka har 2020, lokacin da Evans ta yanke cewa cikin 48 da suka rage, 10 sun saɓa doka, sauran sun halatta. Shekara 12 ke nan, kuma abin da ya fito fili shi ne shafi kaɗan kan iya zama laifi idan su ne zuciyar littafin, babi guda cikakke kuma kan iya halatta. Wani abin da kotun ta ba nauyi shi ne ko mawallafin yana sayar da lasisin ɗibar babin ta intanet cikin sauƙi. Idan yana sayarwa, hujjar mai kwafi ta yi rauni. Don haka kafin a yi sikanin a bincika wannan, kuma a tambayi malamin: shafuka nawa darasin ke buƙata da gaske? Sau da yawa za a tarar shafi 12 yake so, ya nemi 40.

Akwai kishiyar wannan kuskuren, kuma ni ya fi damuna, domin ɗalibi ne ke biyan kuɗinsa. Wasu ma'aikatan laburare tsoro ya kama su har suna neman izinin mawallafi kafin su ajiye littafin da jami'a ta saya da kuɗinta a sashen keɓe. Gudun gara an tadda zago. A Amurka sashe na 109 ya ba wanda ya mallaki halattaccen kwafi damar ya ba da aronsa yadda ya ga dama, ba a yi sabon kwafi ba balle a yi maganar izini. Haka aikin da wa'adin haƙƙinsa ya ƙare, da takardun gwamnatin tarayyar Amurka, da maƙalar da marubucinta ya sake ta da lasisin Creative Commons, wato lasisin da ke ba kowa damar kwafa bisa wasu sharuɗɗa. Duk wanda ya ƙi ajiye irin waɗannan ya hana ɗalibin da ba shi da kuɗin littafi karatu ba gaira ba dalili.

Sauƙin da ake mantawa da shi: idan jami'a ta riga ta biya kuɗin rumbun mujallu irin JSTOR, ba sai an sauke maƙalar an sake ɗora ta ba. A ba ɗalibai adireshinta na intanet kawai. Ba a yi kwafi ba, kuma alƙaluman masu karantawa za su nuna wa hukumar jami'a cewa kuɗin rumbun bai tafi a banza ba.

Wani kuskuren yana faruwa ne bayan an gama ɗorawa. Fayil ɗin da aka halatta don aji guda sai a bar shi a buɗe ga duk mai intanet, ko a jefa shi rukunin WhatsApp ya yi ta yawo, ko ya shekara uku a shafin kwas ba wanda ya waiwaye shi. A kulle shi da kalmar sirri ga waɗanda suka yi rajistar kwas ɗin, a haɗa da shafin da ke ɗauke da sunan marubuci da mawallafi da sanarwar haƙƙi, a sauke shi idan zango ya ƙare. Ba laifi ba ne a sake amfani da shi baɗi, amma a sake aunawa, don mai yiwuwa lasisin da babu shi bara ya fito bana.

Malamai kuma su kula da abu biyu. Na farko, maƙalar da kuka rubuta da hannunku ba lallai ba ne haƙƙinta yana hannunku, domin mujallu da yawa kan karɓe shi a takardar da aka sa wa hannu kafin bugawa. Ku nemo takardar ku karanta. Na biyu, tattara babi-babi daga littattafai a kai shagon fotokwafi a ɗinke a sayar wa ɗalibai ba sashen keɓe ba ne, kasuwanci ne. A 1991 kotu a New York ta ci kamfanin Kinko's tarar dala 510,000 kan haka, a 1996 kuma wani shagon kwafi a Michigan ya sha kaye a hannun Princeton University Press da abokan ƙararsa. Littafin aikin da ɗalibi ke cikewa da babban littafin kwas da aka wallafa musamman don ɗalibai su saya, su ma ba wurin sikanin ba ne, tunda ajin shi ne kasuwarsu baki ɗaya. Laburare ya sayi kwafi biyu ko uku ya keɓe.

Ga mai karatu a Najeriya, kada a kwaso hukuncin Jojiya a ce shi ne doka a nan. Najeriya na da tata Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023. Sashenta na 20 ya kawo abubuwa huɗun aunawa masu kama da na Amurka, kuma akwai wasu sassa daban da suka yi magana kan makarantu da laburare, da nasu sharuɗɗan. Haƙƙin littafi a Najeriya yana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Idan abin da ake so ya wuce abin da doka ta sake, akwai REPRONIG, ƙungiyar da ke ba da lasisin kwafi a madadin marubuta da mawallafa. Hukuncin Amurka yana da amfani wajen koyon yadda ake aunawa, amma nassin gida za a karanta a kotu.

Abin da ake yawan tsallakewa a ƙarshe shi ne rubutawa. An auna, an yanke shawara, amma ba a ajiye komai ba, bayan shekara biyu ba mai tuna dalili. A yi takarda mai shafi ɗaya ga kowace ɗiba: sunan littafi, shafukan da aka ɗiba, jimillar shafukan littafin, lambar kwas, yawan ɗalibai, ko an nemi lasisi da abin da aka tarar, sai amsar tambayoyi huɗun da sa hannun malami da kwanan wata. A Amurka wannan takardar tana da nauyi a gaban alƙali, domin sashe na 504 ya ce a yafe tarar da doka ta ƙayyade ga ma'aikacin makaranta ko laburaren da ba na riba ba, idan ya yi kwafin yana da kyakkyawan dalilin gaskata cewa amfaninsa na adalci ne.