Yadda za ka gane tsohon fil ɗin ado mai zanen fuska

Wato irin fil ɗin nan da matan Turai suke maƙalawa a ƙirjin riga, da ɗan zanen fuskar mutum a tsakiya. Jabu sun yi yawa wallahi, don haka fara samo gilashin ƙara girma mai ninki 10 ka leƙa fuskar. In ka ga ɗige-ɗige a jere reras to bugun inji ne, wani ma sai a ɗan shafa masa fenti a kai don a yaudare ka, shi kuwa aikin hannu za ka ga sawun buroshi, musamman a gashi da kumatu.

Sai ka juya bayan fil ɗin. Tsofaffin zamanin Sarauniya Victoria ta Ingila maƙalinsu ƙugiya ce kawai kamar harafin C ba makulli, allurar ma takan zarce gefen fil ɗin. Wasu har da kitsattsen gashin mutum a bayan gilashi, na tunawa da mamaci. Tambarin 15ct, wato zinare mai karat 15, alama ce mai kyau, Ingila ta daina amfani da shi tun 1932.

Daga wajen 1700 yawanci a kan hauren giwa ake zanen da fentin ruwa, kar ka kuskura ka sa masa ruwa, fuskar za ta wanke tas. Kuma cinikin haure akwai doka, a Birtaniya irin wannan zanen sai wanda aka yi kafin 1918 kuma an yi masa rajista.

Maganar farashi, sa hannun mai zane da sanin wanda aka zana su ke ɗaga kuɗi, tsagewa kuma ta karya shi.