Yadda Ake Zaɓar Ƙafar Kyamara Don Ɗaukar Hoton Biki a Sakkwato

Kafin ka je wurin mai kaya, ɗora kyamararka a sikeli tare da babban lensinka da filasha. Mai aiki da babban lensin jawo nesa, irin 70-200mm f/2.8, yakan tarar da kilo 2.5 ko fiye. Nemi ƙafar da aka rubuta tana ɗaukar ninkin hakan, wato kilo 5 zuwa sama, domin lambar da ke jikin kwali takan zo da ƙari.

Sai tsawo. Buɗe ƙafafun uku gaba ɗaya, ka bar sandar tsakiya, wadda ake zarowa don ƙara tsawo, a ƙasa. In kyamara ta zo daidai idonka a haka, madalla. In sai ka zaro sandar, to rawa za ta riƙa yi, kuma a hoton dangi, inda aka jera mutum 40, rawa kaɗan ta isa ta ɓata fuskoki.

Kan da ke riƙe kyamara ya danganta da aikinka. Mai hoto zalla ya ɗauki kai mai ƙwallo, wanda kyamara ke juyawa a kansa ta kowane ɓangare, don saurin juyawa. Mai bidiyo kuwa sai kai mai hannu, wanda ke tafiya sumul lokacin da ake rako amarya. Ka tabbata akwai farantin da ake ɗaurawa a gindin kyamara, wanda ke fita da taɓawa ɗaya. Sayi na biyu ka ajiye a jaka, ɓata yake yi.

Inda garinmu ya bambanta shi ne ƙura da rana. Da hunturu ƙura kan shige maƙullan gaɓoɓin ƙafa, irin waɗanda ake murɗawa, har ka ji suna ƙaras-ƙaras kamar an zuba tsakuwa. Ni na fi son maƙulli mai ɓallewa: ka goge da tsumma, ka ɗaure notinsa in ya saki, shi ke nan. Da bazara kuma, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, alminiyam da ya yini a rana ba ya taɓuwa. Kabon faiba, ɗaya abin da ake ƙera ƙafa da shi, ya fi sauƙin ɗauka, bai kuma cika zafi haka ba, sai dai kuɗinsa. In aljihu bai kai ba, ɗauki alminiyam mai soso a ƙafa.

Kada ka kai ƙafa uku wurin ɗaurin aure. Cunkoson ƙofar masallaci ba ya barin fili, kuma kafin ka gama buɗe ta an shafa fatiha. Mai ƙafa ɗaya, wato sanda guda da kake riƙewa da kyamara a kai, ce ta nan. Mai uku ta kamu ce da dina, inda za ka kafa ta a gefe, nesa da masu liƙi da yara, ka rataya jakarka a ƙugiyar ƙasa don ta ƙara zama.

Ranar saye ka tafi da kyamararka. Ɗora ta, ɗaure komai, ka ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya kana kallon allo. In hoton ya daɗe yana karkarwa, ce wa mai shago ya kawo wata.