Kyandir biyu ko uku sun isa ku nuna wa yara yadda dutse ke sauya kama

'Yan uwa iyaye da malamai, in yaro ya kasa gane darasin duwatsu, ku nemo kyandir masu launi biyu ko uku.

Ku kankare su da wuƙa. Wannan ɓarɓashin shi ne yashi da lakar da ruwa da iska ke gugewa daga jikin tsauni. Ku zuba a leda, launi bisa launi, yaro ya danne da ƙarfi. Zai ga sun manne hawa-hawa, amma suna marmashewa da farce, kamar dutsen yashi.

Sai ku tsoma ledar a ruwan ɗumi, ku sake matsawa. A nan nake so ku daɗe, don nan yara suka fi ruɗewa: bai narke ba, laushi kawai ya yi, layukan suka lanƙwashe. Haka zafi da nauyin ƙasa ke mayar da dutsen farar ƙasa mabul, wato dutsen nan mai santsi da ake daɓen gida da shi.

Daga ƙarshe babba ya narkar da shi a cokali, a bari ya huce. Dutse kam sai zafi ya kai wajen digiri 700 zuwa 1,200 yake narkewa. In ya huce a hankali cikin ƙasa, ƙwayoyinsa kan fito manya, irin na giranait, wato dutsen nan mai ɗige-ɗige da ake fasawa don gini.

Kada ku jefar, ku sake kankarewa gobe, yara su ga yadda dutse ke sake komawa yashi.