Yadda Za Ka Kintsa Dukiyarka Tun Da Rai Kafin Ta Zama Gado

Na sha zama wajen rabon gado, wani lokaci a matsayin shaida, wani lokaci ni ne mai riƙe da biro. Da wuya ka ga rigima ta tashi a kan lissafin tumuni (ɗaya bisa takwas) da sudusi (ɗaya bisa shida), don wannan Suratun Nisa'i ta riga ta gama shi. Inda ake kai ruwa rana shi ne tantance abin da yake na mamaci da wanda ba nasa ba, kuma aikin da ya kamata ka yi tun kana numfashi ke nan.

Fara da littafi mai bangon kwali. Kada ka ce a waya za ka rubuta, waya tana da lambar sirri, kuma ranar da ka rasu babu mai buɗe ta. Jera gidaje, filaye, gonaki da shaguna, da inda takardar kowanne take. Sa asusun banki, da dabbobin da ka ba wa makiyayi kiwo. Daga nan ka juya shafi ka rubuta abin da ke hannunka amma ba naka ba: jarin da wani ya zuba a shagonka, ajiyar marayu, gonar da ka karɓa jingina, gwal ɗin uwargida da ka sayar ka ƙara jari. Sai bashi, wanda kake bi da wanda ake bin ka, har ragowar sadaki in akwai. Bayan hidimar jana'iza bashi ake fara fitarwa, sannan wasiyya, sannan gado. Ni duk watan da nake fitar da zakka nake sabunta littafin, kai ma ka yi haka.

Mataki na biyu shi ne kyauta, kuma nan na ga mutane sun fi faɗuwa. Magidanci zai ce a gaban jama'a, "Gidan nan na ba wa Hajiya," ya ci gaba da zama a ciki har Allah Ya karɓi abinsa. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai kyautar yana raye da lafiyarsa. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa ƙarara cewa idan mai kyauta ya mutu kafin a yi hauzi, abin ya koma gado. Miji da ya ba matarsa gidan da yake zaune a ciki bai fita ba, hauzi bai samu ba. Na ga wata baiwar Allah da ta yi shekaru tana cewa gidanta, ranar rabo aka sa shi cikin dukiya, ita da abokan zamanta biyu suka raba tumuni ɗaya. Ba wanda ya zalunce ta, maigidan ne bai ƙarasa aikinsa ba.

Saboda haka idan za ka ba da, ka ba da gaske. Miƙa makulli, kwashe kayanka, canza suna a takarda, ka kira shaidu maza biyu adalai su ga miƙawar da idonsu. Idan shagon haya ne, 'yan haya su koma biyan sabon mai shi. Idan ɗanka ƙarami ka yi wa kyautar, kai ne za ka riƙe masa, amma ban da gidan da kake kwana a ciki. Kada kuma ka jira ciwon ajali: kyautar da aka yi a wannan hali, hukuncin wasiyya take ɗauka. Canjin suna a ma'aikatar ƙasa yana cin kuɗi da zirga-zirga, na sani, amma bai kai kuɗin lauya na shekara biyu ba. Kuma ka daidaita tsakanin 'ya'yanka, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, inda Annabi (SAW) ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya wajen kyauta, yana nan.

Na uku, wasiyya. Ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji sai in sauran magada sun yarda. Ka tuna da jikokin da ubansu ya riga ka rasuwa, don ba su da gado matuƙar kana da ɗa namiji a raye. Sulusin nan ne hanyarsu. Takarda kaɗai ba ta isa ba ko da rubutun hannunka ne, sai ka kafa mata shaidu. Ambaci wasiyyin da zai kula da ƙananan yara da dukiyarsu.

Sauran na ofis ne. Sunan da ka cike a banki a matsayin makusanci ba ya sa mutum ya mallaki kuɗin, sai an kawo takardar izini daga kotu, haka ma kuɗin fansho. Ka tabbata sunanka iri ɗaya ne a katin ɗan ƙasa, banki da takardun fili. Yi kwafi biyu na komai, ɗaya a gida, ɗaya wajen amininka, ka kuma gaya wa iyalinka wanda ke riƙe da shi.