Yadda nake buɗe kwalbar intaferon ba tare da na yi asararta ba

Ranar da aka fara miƙo mini kwalbar intaferon, furotin ɗin da ƙwayoyin jiki ke fitarwa don faɗakar da 'yan uwansu cewa bairos ya shigo, ɗaga ta na yi sama ina leƙe, na ce wa malamina ai babu komai a ciki. Ya yi dariya ya ce maikurogiram 10 ne, ba lallai ido ya kama shi ba. Busasshen garin furotin ne, ɗan ƙura da kan maƙale a cikin murfi saboda jijjigar hanya. Don haka kafin ka taɓa murfin, saka kwalbar a sentirifuj, na'urar da ke wulwula bututu da gudu, ka juya ta kamar daƙiƙa 30, komai ya sauko gindi.

Amma tun kafin a zo nan, ka san abin da ka saya. Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka gano intaferon a Landan a 1957, kuma tun 1980 aka iya ciro ƙwayar gadonsa ta ɗan Adam a dasa wa wasu ƙwayoyin su riƙa sarrafa shi. Gida uku ne. Na ɗaya shi ne alfa da bita, waɗanda kusan kowace ƙwayar halitta ke jin kiransu. Na biyu gama, shi kaɗai, ya fi ƙwarewa wajen zaburar da makurofaj, ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye ƙwayoyin cuta. Na uku lamda, da aka bayyana a 2003, ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin huhu da hanji da kuma na hanta su suka fi amsa masa. Sannan gama na mutum ba ya aiki a ƙwayoyin ɓera. Mako biyu na taɓa ɓatawa ina zargin hannuna, ashe kiran ne ba da yarensu ba.

Ka zauna ka karanta takardar da ta zo da kwalbar. In a bakteriyar E. coli aka yi furotin ɗin, ba shi da sarƙoƙin sukari, kuma dole ka duba yawan endotoksin, gubar da ke jikin bakteriyar, a ƙalla ya zama ƙasa da EU 1 (ma'aunin gubar ke nan) a kowane maikurogiram. Ga mai aiki da makurofaj ko wannan ma ya yi yawa, domin endotoksin da kansa yana tayar da su, sai ka yi ta murna da sakamakon da ba na intaferon ba ne. In a ƙwayoyin CHO, na wata dabba mai kama da ɓera, aka yi shi, ya fi kusa da na jikin mutum, musamman bita.

Lissafin da ke rikita sababbin ɗalibai shi ne na nauyi da ƙarfi. Ana sayarwa da maikurogiram, ana aiki da IU, ma'aunin ƙarfin aikinsa. A ce takardarka ta nuna IU miliyan 200 a kowane miligiram, kamar yadda aka saba gani a alfa-2. To maikurogiram 1 ya zama IU 200,000, kuma IU 1,000 a mililita ya zama nanogiram 5 kacal. Kada ka ari adadin daga wata kwalbar, kowane rukunin da kamfani ya sarrafa da nasa.

Narkarwa ba wuya. Maikurolita 100 na ruwa mai tsabta ko abin da takardar ta ce, a kan maikurogiram 10, ya ba ka maikurogiram 100 a mililita. Zuba a jikin kwalbar a hankali, bar ta ta huta minti kaɗan, ka ɗan ja ka mayar da fifet, bututun zuƙo ruwa. Ban da na'urar girgiza, kumfa na lalata furotin. In za ka sirka shi ƙasa da haka, sa BSA, wani furotin na jinin shanu, kashi 0.1 cikin ɗari, in ba haka ba robar bututu za ta shanye maka shi, bita ma ya fi kowa wannan hali. Raba shi kashi-kashi na amfani sau ɗaya, ka ajiye a maki 80 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos, ko 20 in shi ke akwai. Guji firizar da ke narkar da ƙanƙararta da kanta, daskarewa da narkewa take yi wa kayanka kullum kana barci.

Ni ba na kawo bairos kusa sai na tabbatar ƙwayoyin sun ji kiran. Minti 15 zuwa 30 bayan zubawa ya kamata STAT1, furotin da ke kai saƙon cikin ƙwaya, ya ɗauki fosfet, ka gan shi a bulot, gwajin gano furotin. Bayan awa 4 zuwa 8, ƙwayoyin gado na MxA da ISG15 da IFIT1 su tashi a qPCR, gwajin auna aikin ƙwayar gado, in alfa ko bita ka sa. In gama ne, nemi IRF1 da CXCL10. Sai gwajin kariya: jiƙa ƙwayoyin A549, na huhun ɗan Adam, da intaferon a jere, kowane ramin faranti rabin na gabansa, bar su awa 16 zuwa 24, sannan ka kawo bairos ɗin EMCV ka ga inda rabin ƙwayoyin suka tsira. Ka bar rami ɗaya da ruwan BSA zalla, wani da bairos zalla.

Lambar rukuni kuma ina rubuta ta a jikin kowane bututu. Idan sabuwar kwalba ta iso, kafin tsohuwar ta ƙare nake gwada su gefe da gefe a faranti ɗaya.