Yadda ake zaɓen yadin tausasa haske a wajen ɗaukar fim

Kafin ka taɓa yadi, ka yanke shawara: hasken zai ratsa ta cikinsa ne, ko zai dake shi ya dawo kan fuskar ɗan wasa? Aiki biyu ne daban. Na ratsawa yana son saƙa marar kauri, na dawo da haske kuwa gara mai kauri, don duk hasken da ya tsere ta baya asara ce. Shi ya sa Ultrabounce, wani yadi da aka yi musamman don dawo da haske, yake da fari a gaba, baƙi a baya.

Sai launi, kuma a nan ne sababbin shiga suke faɗuwa. Ni ma a nan na faɗi. Na taɓa ciro zanen gado fari fat, na kafa shi a rana ina murna na tsira da kuɗin haya. A ƙaramin allon kyamara komai lafiya. Da muka zauna tace hoto, sai ga gefe ɗaya na fuskar jarumar ya yi shuɗi-shuɗi kamar marar lafiya, ɗaya gefen kuma yana nan da jansa. Dalili shi ne yawancin fararen yadi, da sabulun da ake wanke su da shi, suna ɗauke da wani sinadari mai shan hasken da ido ba ya gani, ya mayar da shi shuɗi, don tufafi su ƙara ƙyalli. Rana da fitilar HMI, wato fitilar fim mai haske irin na rana, su ne suka fi tayar da shi. Ido yakan yafe, kyamara ba ta yafewa.

Saboda haka kada ka yarda da farin da idonka ya gani. Saita ma'aunin launin haske na kyamara (white balance) a 5600 idan rana ce, ko 3200 idan fitilar tangistin ce, wato mai zafi da haske ja-ja irin na tsohon ƙwan lantarki, ka kashe saitin da take yi da kanta. Zaunar da mutum, ba kwali ba, ka ɗauke shi daƙiƙa goma da yadin, goma babu shi, sannan ka duba a babban allo. Kunci da goshi za ka kalla.

Ni dai akoko nake ɗauka, auduga zalla da ba a yi wa bilic ba, wanda masu fim ke kira muslin. Yana ɗan ja zuwa ruwan madara, kuma wannan ɗumin yana yi wa fata kyau. An san Roger Deakins, shahararren mai ɗaukar hoton fim ɗan Birtaniya, da jera shi a kewaye da ɗan wasa yana dawo da haske da shi. Matsalarsa ci: idan haske zai ratsa shi, abin da zai fito ba ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu. In fitilarka ƙarama ce, nemi siliki na roba ko labulen wanka marar zane. Shi ma labulen sai an gwada, wasu suna ja zuwa kore.

Yadi mai kyau ba zai cece ka ba in ka manna shi a bakin fitila. Taushin haske daga faɗinsa yake zuwa, don haka ja fitilar baya har hasken ya cika yadin daga gefe zuwa gefe, shi kuma yadin ka matso da shi kusa da fuska. Firam ɗin ɗaura yadi mai faɗin ƙafa 4 ya ishi fuska ɗaya, mutum biyu a tsaye suna son mai faɗin ƙafa 8. Tazarar da ke tsakanin fitila da yadi kuma ita ce za ta hana tangistin narka maka foliyesta.

A waje, yadin nailan mai saƙar murabba'i yana ƙarar leda da zarar iska ta kaɗa, mai ɗaukar sauti zai tsine maka. Akwai irin da aka yi marar ƙara, shi za ka tambaya. Ɗaure kusurwa huɗu tam, ka danne ƙafafun firam da buhun yashi. Ka kuma riƙe baƙin yadi mai kauri a jaka, don rage haske a ɗaya gefen idan fuskar ta yi fayau ba inuwa.